Ɗari da Hamsin a Kasuwar Dole

Wannan makon labarin kanmu za mu ba ku, kuma tun yanzu mu faɗa muku ba labarin bajinta ba ne. Mun daɗe muna noƙewa saboda kunya. Amma da muka ji wasu daga cikinku suna shirin kai ziyara Maraɗi da Damagaram da littattafansu, sai muka ga in muka yi shiru kuka faɗa ramin da muka faɗa, muna da alhaki.

A ƙarshen shekarar 2024 ne, hunturu ya fara shigowa, mu 5 daga ƙungiyarmu muka shirya tafiya Damagaram. Wasu marubutan can da muka daɗe muna zumunci da su ta waya ne suka gayyace mu. An sake buɗe iyakar Najeriya da Nijar a watan Maris na shekarar, bayan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, don haka kowa yana ɗokin ganin ɗan uwansa. A cikinmu babu wanda ya taɓa fita daga Najeriya. Duk da haka babu wanda ya ji a ransa cewa ƙasar waje za shi. Daga Kano zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne, bai kai nisan Abuja ba. Hausa ake yi a can, tuwo ake ci, kiran salla ɗaya. Da Masar ce ko Saudiyya, da mun zauna mun yi tambaya a kan komai. Da yake Damagaram ce, sai muka ɗaure kaya kamar masu zuwa biki Daura.

Kowannenmu ya kawo naira 60,000, aka haɗa 300,000 aka damƙa wa ma'ajinmu, wanda yake da difloma a lissafin kuɗi, muna taƙama da shi. Ban da wannan, mun ɗauki amanar littattafai 60 na 'yan ƙungiya da ba su samu zuwa ba. Guda 25 daga ciki na wata Antinmu ce, matar aure mai 'ya'ya 4, wadda da kuɗin adashinta ta buga littafin, kuma kwalayen suna jibge a ƙarƙashin gadonta wata da watanni. Da za ta ba mu ta ce: "Ƙannena, naira 1,200 nake sayarwa a nan. Ko da hakan kuka samo mini, na gode. Kuɗin makarantar yara nake hange." Muka ce mata ta kwantar da hankalinta.

Tambaya ɗaya muka yi kafin tafiya, ita ma ba ga wanda ya dace ba. Wani yayanmu ne da ya yi fataucin Nijar wajajen 2014. Ya ce a zamaninsa jakar sefa, wato sefa 1,000, naira 300 ce da 'yan kai, kuma da naira 300,000 sai mu yi wata guda muna cin kaji. Mun san abubuwa sun canza, amma ba mu san iya canzawar ba sai da muka je Wapa, kasuwar 'yan canji da ke Fagge. Nan aka ce mana sefa 1,000 tana kan naira 2,600. Muka kalli juna. Kuɗin da muke ganin tsiro ne ashe ko sefa 120,000 bai kai ba.

Wani ɗan canji mai haƙuri ya ga yadda muka yi tsuru-tsuru, ya yi mana bayani, daga baya kuma muka ƙara karantawa. Sefa ba ta yi tsada don kanta ba, naira ce ta faɗi. Ita sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na Yuro tun 1999, a kan sefa 655.957 kowane Yuro ɗaya, kuma wannan adadin bai motsa ba. Ƙasashe 8 ne suke amfani da ita a yammacin Afirka: Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau, kuma babban bankinsu ɗaya ne, BCEAO, mai hedikwata a Dakar. Ita kuwa naira, tun da aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar Amurka ta tashi daga naira 460 da wani abu a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a lokacin tafiyarmu. Duk sanda naira ta faɗi a gaban dala da Yuro, ta faɗi a gaban sefa ke nan, ko da kuwa babu abin da ya canza a Yamai.

A nan muka yi wayonmu na farko. Ɗaya daga cikinmu ya ce ai kusa da tushe abu ya fi araha, mu bari sai mun je bakin iyaka inda sefa take kamar ƙasa. Muka bar Wapa ba mu canza ko sisi ba.

Muka bi ta Daura muka isa Kwangwalam rana ta take. A bakin iyaka ba kai ne da lokacinka ba, direba ne. Yana danna oda, fasinjoji suna mita, mu kuma muna tsaye gaban wani mai canji da ya gane daga jakunkunanmu cewa ba mu da wata mafita. Ya ce 2,750. Muka ce a Kano 2,600 ne. Ya ce to mu koma Kano. Muka ware naira 60,000 ta dawowa, muka canza 240,000. Da a Wapa ne, da sefa 92,000 da 'yan kai za mu karɓa. A nan 87,000 da 'yan sulalla muka samu. Sefa 5,000 ta tafi a minti biyar, kuɗin abincinmu na yini guda. Ya ƙirgo mana takardun 10,000 guda 8, ta 5,000 ɗaya, ta 2,000 ɗaya. Ma'ajinmu ya ƙirga sau biyu, adadi ya cika, ya cusa a aljihu. Bai buɗe kowace takarda ya duba jikinta ba, mu ma ba mu ce ya duba ba.

Muka ƙetara Ɗan Barto, muka wuce Matamaye, muka shiga Damagaram da la'asar sakaliya. Mai masaukinmu malamin makarantar boko ne, kowa Mushe yake ce masa kamar yadda ake kiran malamai a can, mu ma muka bi sahu. Ya tare mu a tasha ya tsayar mana da 'yan kabu-kabu, wato 'yan acaɓa. Ɗaya daga cikinmu ya riga shi tambayar kuɗin, yaron ya ce: "Dala hamsin." Abokin namu ya ja da baya kamar ya taka wuta. Dala 50! A lissafin Wapa sama da naira 80,000 ke nan, a kan babur. Mushe ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zaro 'yan sulalla ya biya, ya ce mana a nan dala sefa 5 ce, don haka dala hamsin sefa 250 ce kawai. Muka yi ta dariya har gida. Har wani ya rubuta a wayarsa don ya sa a labari.

Ku lura da wannan wurin, 'yan uwa. An ba mu darasin da zai cece mu, muka ɗauke shi a matsayin abin dariya. Ba mu tambayi yadda ƙirgen yake tafiya ba. Ba mu tambayi ko kullum sai an ambaci kalmar dala ba. Mun ji Hausa, mun ɗauka mun gane.

Washegari takardun 10,000 suka fara nuna mana halinsu. Mai shayi ya kalli takardar ya kalle mu, ya ce ko cinikinsa na safiyar duka bai kai ya ba mu canji ba. Mai ƙosai ma haka. A ƙasar sefa ƙananan kuɗi su ne sarauta, kuma sulalla suna aiki sosai, ba kamar wurinmu da yara da yawa ba su taɓa sayen abu da ƙwandala ba. Akwai sulallan 25, 50, 100, 200, 250 har 500, kuma da su ake shan shayi, ake hawa babur, ake sayen ruwa. Sai da muka sayi katin waya da ba mu shirya saye ba a wani babban shago kafin aka fasa mana takarda ɗaya. A shagon ne kuma aka dawo mana da wata ta 10,000, aka nuna mana inda ta yage aka liƙe ta da salatif. Mu da muka saba da naira mai faci uku tana yawo lafiya, sai muka ga a nan ana ƙin karɓa. Muka zagaya da ita wuri uku, kowa ya juya ta ya miƙo mana.

Da hantsi Mushe ya tafi aji. Ya kwatanta mana rumfar wani dattijo mai sayar da littattafai a Kasuwar Dole, ya ce mutumin kirki ne, ya daɗe yana sayar da littattafan Hausa na Kano, mu jira shi ya taso mu je tare. Muka ce haba Mushe, kasuwa ce fa, mu 'yan Kano ne. Muka ɗauki kwalayenmu muka tafi.

A hanya muka tsayar da lissafi. In muka sayar da kowane littafi sefa 600 a sari, kusan naira 1,500 ke nan, masu littattafai sun samu kuɗinsu har da ɗan abin sawa a asusun ƙungiya. Ƙasa da 500 kuwa ba za mu sallama ba.

Dattijon ya karɓe mu hannu bibbiyu. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya shimfiɗa mana tabarma, ya tambayi mutanen Kano. Ya ɗauki littafin Anti ya buɗe tsakiya, ya karanta shafi guda a hankali yana bi da yatsa, ya gyaɗa kai. Ya ce: "'Ya'yana, nawa za ku ba ni?" Mu kuma, don kada mu faɗi ƙasa da abin da zai iya biya, muka ce: "Baba, ka taya." Ya yi shiru yana auna kwalayen da ido, sannan ya ce: "Ɗari da hamsin kowanne, in kwashe duka."

Ma'ajinmu ya danna waya. Sefa 150, naira 390. Ya juya mana fuskar wayar muka gani. Littafin da ko kuɗin ɗab'insa ya ninka haka. Muka ce albarka, irin albarkar da ake faɗa da ɗaurarriyar fuska. Dattijon ya ɗan yi mamaki, ya ce: "To, ɗari da sittin, saboda kun zo daga nesa." Nan ne ɗaya daga cikinmu, kuma ba za mu ce wane ba domin dukkanmu mun ji daɗin maganar a lokacin, ya ce: "Baba, littafi muka kawo maka, ba takardar ƙunshe ƙosai ba. In ba ka san darajar rubutu ba, ka bar mana kayanmu." Dattijon bai ce uffan ba. Ya rufe littafin Anti, ya shafa bangonsa, ya mayar cikin kwali da hannunsa. Muka fita ko ruwan ba mu ƙarasa sha ba, muna tafe muna cewa ashe haka ake raina marubuci a ko'ina.

Da yamma muka zauna lissafi, hankali ya tashi. Takarda ɗaya ta 10,000 ba ta karɓuwa, littafi ko ɗaya ba mu sayar ba, kuɗin ɗakin kwana biyu da na mota zuwa iyaka suna jiranmu. Ma'aji ya ce kada mu damu, yana da kuɗinsa a banki, kuma katinsa yana da tambarin da ake karɓa ko'ina a duniya. Muka tafi na'urar ATM ta wani banki a cikin gari. Sau uku yana sawa tana dawo da shi, da rubutun Faransanci da babu mai karantawa a cikinmu. Abin da ba mu sani ba shi ne, a shekarar 2022 ne bankunan Najeriya da dama suka rage abin da za a iya kashewa da katin naira a ƙasar waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar gaba ɗaya saboda ƙarancin dala. Tambarin da ke jikin kati ba shi ne izini ba, izinin yana hannun bankin da ya ba ka katin. Tambaya ɗaya a reshen banki kafin mu taso da ta wadatar. Muka dawo gida ana ta zargin juna. Wani ya ce ma'aji ne bai duba takarda ba, ma'aji ya ce wa ya hana a canza a Wapa, har aka fara ɗaga murya. Abota ta shekara biyar ta fara rawa a kan sefa dubu goma.

Bayan isha'i Mushe ya dafa shayi, muka kwashe labarin kasuwa muka ba shi, muna jiran ya taya mu fushi. Sai muka ga ya ajiye butar. Ya ce: "Da bakinsa ya ce ɗari da hamsin?" Muka ce ƙwarai. Ya ce: "Har ya ƙara zuwa da sittin?" Muka ce e. Ya rufe fuska da tafin hannu. Can ya zazzage sulallan aljihunsa a kan tabarma, ya ce mu matso.

Ya ɗaga na 25 ya ce wannan dala biyar. Na 50, dala goma. Na 100, dala ashirin. Na 250, dala hamsin. Na 500, dala ɗari. Takardar 1,000 kuwa dala ɗari biyu ce, ita ake kira jika, wadda mu muke cewa jaka. Daga nan sai a ci gaba da jika: jika biyu, jika biyar, jika goma. Ya ce in mutum yana ciniki da Faransanci, adadin da ke rubuce a jikin kuɗin yake faɗa. In da Hausa yake yi, da dala yake ƙirgawa, kuma sau da yawa ba ya ma ambaton kalmar, kamar yadda mu ba ma cewa naira a kowace jimla. Duk adadin da ka ji da Hausa a kasuwa, ka ninka shi sau biyar. Ɗari da hamsin sefa 750 ce. Ɗari da sittin sefa 800.

Ma'aji ya sake danna wayar, wannan karon hannunsa yana rawa. Sefa 750 ta kusa naira 2,000. Mu 600 muke fata. Dattijon ya taya sama da abin da muka zo nema, ya ƙara a kai don karamci, zai kwashe duka 60 ya ba mu jika 48 a hannu, mu kuma muka ce masa bai san darajar rubutu ba. Babu wanda ya iya shan shayin nan.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, wannan ƙirgen ba baƙo ba ne a harshenmu. Mu da muke kiran kanmu marubutan Hausa mun san kakanninmu suna cewa taro da sisi da sule da fam. Mun san a bakinsu dala sule biyu ce, tun kafin mu san ta Amurka. Mun san har bayan da naira ta zo a 1973 tsofaffi suna kiran naira 2 fam guda, naira 200 kuma jaka guda, domin fam 100 ce. Ita kanta kalmar kuɗi jam'in wuri ce, daga zamanin da ake ciniki da wuri. Kalmomin nan guda ne a Kano da Damagaram, amma Ingila ta raba mu da fam, Faransa ta raba su da faran, sai kowace kalma ta ɗauki nauyi daban a kowane ɓangare. Dala uku ce a Hausa: ta kakanninmu, ta Nijar, da ta Wapa. Mu ta Wapa kaɗai muka tafi da ita.

Da sassafe Mushe ya nemi wani ya riƙe masa aji, ya sa mu a gaba zuwa Kasuwar Dole. Wannan karon babu mai cewa mu 'yan Kano ne. Muka tarar da dattijon yana kakkaɓe ƙura. Muka durƙusa mu biyar a bakin rumfa, mutane suna kallo. Wanda ya yi maganar jiya ya ce: "Baba, mun zo neman gafara. Jahilci ne ya sa mu, ba mu san ƙirgenku ba. Mun ɗauka sefa ɗari da hamsin ka ce." Dattijon ya dube mu ya ɗan jima, sannan ya yi murmushi. Ya ce: "Na yi zaton haka bayan kun tafi. Na so in aika yaro ya kira ku, sai na ga ranku a ɓace yake, kuma mai fushi ba ya jin lissafi. Ku tashi, 'ya'yana. Amma ko da sefa ɗari da hamsin ɗin na ce, albarka kawai ta isa. Sauran maganar ba ta ciniki ba ce."

Wannan jimlar ta ƙarshe har yau tana bin mu. Domin gaskiya ce: kuskuren lissafi daban, rashin ladabi daban, kuma na biyun ba za mu ɗora wa sefa ba.

Bai fasa saye ba, amma jiya ta wuce. Kuɗin da ya ware mana ya riga ya sari littattafan rubutu na 'yan makaranta da rabinsa. Ya ce zai biya 30 a take, a kan ɗari da hamsin, tayin farko, ya ba mu jika 22 da rabi. Sauran 30 ɗin ya ce mu bar masa, in ya sayar zai aiko. Muka kalli juna: mutumin da muka zaga jiya ne yau za mu bar wa amanar mutane ba takarda ba shaida. Mushe ya ce shi ne shaida. Muka bari. Muka roƙi ya fara da na Anti a cikin waɗanda zai biya, ya ce dama nata ne ya fi burge shi.

Mushe ne kuma ya warware sauran. Takardar nan mai salatif ya karɓa ya ba mu jika biyar-biyar guda biyu, ya ce zai kai ta banki. Sannan ya kai ma'ajinmu wurin wani ɗan kasuwa da ke sarin atamfa a Kantin Kwari, mai asusu a bankin Najeriya. Aka haɗa wayar ma'aji da intanet ɗin Mushe, ya tura naira ta manhajar bankinsa, alat ya shiga, mutumin ya ƙirgo sefa. Sa'armu manhajar ba ta nemi lambar sirri da ake turowa ta saƙon waya ba, domin layukanmu duk sun mutu tun da muka bar iyaka. A cikin Nijar kuma mun ga yadda mutane ke tura kuɗi gari zuwa gari ta kamfanoni irin su Nita da Al Izza, amma tsakanin naira da sefa, hanyar 'yan kasuwar nan ita ce ta talaka. Sai dai amana ce zalla take riƙe da ita. Da ba Mushe ne ya kai mu ba, ba za mu tura wa wanda ba mu sani ba ko kwabo, kuma ku ma kada ku tura.

A dawowa muka koyi darasi na ƙarshe. Canji farashi biyu gare shi, na saye da na sayarwa. Jikar da muka saya 2,750 a wurin tafiya, 2,500 aka karɓe ta a wurin dawowa. Duk kuɗin da ka canza ya yi saura, sau biyu aka yanke shi. Sulalla kuwa babu mai canji da ya kalle su. Har yanzu suna cikin wani gwangwani a ofishin ƙungiya, muna nuna wa sababbin shiga.

Bayan wata biyu aka kira mu daga Kantin Kwari, aka ce mu zo mu karɓi saƙo daga Damagaram. Kuɗin littattafai 30 ne cif, jika 22 da rabi, an juya su naira a farashin ranar, wanda ya ɗan sauka zuwa 2,400. Tare da saƙon baki: a ƙaro masa na Anti guda 20. Ranar da muka kai mata kuɗinta ta ƙirga ta sake ƙirgawa, ta ce ai sun fi abin da ta ce. Muka ce mutanen Damagaram ne suka san darajar rubutu. Ba mu ba ta sauran labarin ba. In tana karanta wannan, Anti, yau kin ji.

Ga masu shirin tafiya, abin da muka saya da tsada muna ba ku kyauta. Ku tambayi farashin canji a ranar tafiya, daga bakin mutum biyu ko uku, ba daga wanda rabonsa da hanya shekara goma ba. Ku canza mafi yawan kuɗinku inda kuke da lokacin yin ciniki da damar juyawa ku tafi, ba inda direba yake danna oda ba. Ku nemi a haɗa muku da takardun 500 da 1,000 da 2,000, ku buɗe kowace takarda ku duba gaba da baya a gaban mai canjin. Ku je bankinku ku tambaya ko katinku yana aiki a waje da kuma iyakar abin da zai cire, domin dokar tana canzawa. Kada kuɗin tafiya duka su zauna a aljihu ɗaya, kuma a rubuta duk abin da aka kashe a ranar, don abota ta fi ƙarfin zargi idan akwai takarda. Masu zuwa Kamaru ko Chadi su sani sefar can daban ce, ta Afirka ta Tsakiya, bankinta BEAC yana Yawunde. Darajarsu ɗaya a gaban Yuro, amma ta Damagaram ba za ta saya muku shayi a Garwa ba sai kun canza. Sama da duka, kafin ku yi cinikin farko, ku zaunar da ɗan gari ya zube muku sulalla a tabarma ya faɗi sunan kowanne. In aka faɗa muku farashi, ku ce a nuna muku a waya ko a rubuta. Babu kunya a ciki. Kunyar tana cikin durƙuson da muka yi.

Akwai kuma abin da ya shafi alƙalaminmu. Sau nawa muke karantawa, ko mu rubuta da kanmu, cewa jarumi ya sauka Dubai ya zaro kati ya biya, ko jaruma ta gudu Nijar ta kama ɗaki, ba tare da marubucin ya san da wane kuɗi ba, a wane farashi, da wane baki aka faɗe shi? Mai karatu a Maraɗi yana ganin wannan giɓin ko da mu ba mu gani ba. In ka sa mai shago a Damagaram ya ce wa jarumarka "sefa ɗari biyar" da Hausa, ɗan can ya san ba ka taɓa tsayawa a gaban shagon ba, domin "dala ɗari" zai ce. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne suke sa a yarda da labari ko a ajiye shi. Muna da masu karatu a ƙetaren iyaka da suka daɗe suna sayen littattafanmu, sun koyi nairarmu da unguwanninmu da karin maganarmu. Mu ko ƙirgensu ba mu koya ba.

Muna shirin komawa bayan salla in Allah ya kai mu, da kwalin Anti da wasu sababbi. Ma'ajinmu ya haddace ƙirgen, har gwada shi muke yi a wurin taro: a ce masa saba'in da biyar, ya ce 375 kafin a rufe baki. Wanda ya yi maganar ƙosai kuma shi ya roƙa a bar masa ɗaukar kwalin zuwa rumfar Baba.

Wanda ya taɓa yin irin wannan tuntuɓen a Agadas, ko Kumasi, ko Makka, ya ba mu nasa labarin mu ƙaru. Allah ya tsare mana hanya, ya tsare mana harshe. Mu haɗu mako mai zuwa.